Takardar Delege Ta Canza Mini Uba

Yaran yanzu in sun ce za su Kwatano, mota suke nufi, su je su sayo ta hannu su juyo kafin Juma'a. Ni lokacin da na je babu wannan zance. Hantsi ya dubi ludayi jirgin ƙasan Faraku ya sauke ni, ƙafafuna sun kumbura don zama, ba ni da komai sai ƙullin kaya, da dutsen guga na gawayi, da agogo a hannu, da fasfo a jakar fata a ƙarƙashin riga. Fasfon ma ba don wannan tafiya aka yi shi ba. Kawuna ne ya yi mini a Sakkwato da niyyar in raka shi Makka in riƙa ɗaukar masa kaya, sai Allah ya yi masa rasuwa kafin lokacin. Fasfo ya zauna a akwati yana yi mini ƙaiƙayi, har ranar da na bugi ƙirji na ce wa mutanen Jega su saurari labarina daga bakin teku.

Tun daga Malambil, garin bakin iyaka, na fara karo da kalmar da ta cika ƙasar. Ba a daɗe da canza mata suna daga Dahome zuwa Benin ba, sojoji ke mulki, sun ce juyin juya hali ake yi, kowa daidai yake da kowa. Saboda haka an hana kiran mutum "musye", sai dai "kamarad". Na ce a raina gara da aka hana, don ni kunnena na Jega "mushe" yake ji, kuma ban ga dalilin kiran mutum mai rai da wannan suna ba. Jandarma kamarad, direba kamarad, mai sayar da doya kamarad. Har wani bunsuru da aka ɗaure a bayan motarmu, kamarad fasinjoji suke ce masa in ya dame su da kuka. A kowane shinge sai an sauke mu an duba takardu, an zazzage kaya. Dutsen gugana ya sha tambaya fiye da ni.

Ranar da na sauka ban san kowa ba. Na bi masu hula har na isa masallacin Zango, na yi azahar, na yi la'asar, ina zaune a wuri ɗaya da kayana a tsakanin ƙafafu. Yunwa kuwa kamar ta tsinka ni, amma girman kai ya hana ni buɗe baki. Mutane suka watse, sai wani dattijo gajere mai farin gemu ya tsaya a kaina yana gyara takalmi.

"Samari, baƙo daga ina?"

"Daga Jega, Baba."

"Wurin wa ka zo?"

Na ce ba ni da kowa. Ya dubi dutsen gugan, ya dube ni.

"To, wurina ka zo. Ɗauko kayanka."

Baba Garba ke nan, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutumin Konni ne, amma tun yana saurayi yake Zango yana sayar da goro, har ya yi gida mai ɗakuna a jere inda fatake ke sauka. Bai tambaye ni me zan biya ba, bai tambaye ni yaushe zan tafi ba. Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Hajo, ƙara hannu a tuwo, ɗanki ya iso." Inna Hajo ta leƙo ta ce, "Wannan ramammen? Sai dai a ƙara hannu biyu."

Allah sarki Zango! Yashi ne ko'ina, in ka yi tafiya ya cika maka takalmi, in damina ta sauka layi ya zama rafi, mu naɗe wando mu riƙe takalma a hannu mu tafi masallaci. Da safe ƙamshin dogon burodin nan na Faransawa ke tashinka, ga mai koko, ga mai shayi yana kwaɗa madara. Bakano na nan da atamfa, Bazabarme da albasa, mutanen Jugu da Kandi kowa da abin da ya kawo. Hausar da ake yi kuwa sai da na yi wata ina dariya. Mace ma "ya zo" ake ce mata, ofis "biro", takarda "papiye". Su kuma ni suke yi wa dariya, wai ina magana kamar rediyo. Da yamma in iska ta kaɗo daga teku, sai mu zauna a ƙofar gidan Baba ana fasa goro ana gardamar wane gari ya fi wane. Ban ƙara samun zama irin wannan ba a duk inda na je.

Baba ya ba ni rumfa a gefen ƙofa, ya ara mini tebur. Na fara sana'ar guga da rigunan fatake, sannu a hankali akawun Ganhi suka ji labari. Ganhi ita ce unguwar bankuna da manyan kantuna, ma'aikatanta kuwa ba su da abin alfahari sai farar riga da karin wando. Cikinsu akwai Kosi, akawu a kamfanin da ke kula da jiragen ruwa in sun shigo. A bayan Zango ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Shi ne wata Lahadi ya goya ni a mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ya ce in zo in ga abin da ban taɓa gani ba.

Tabɗi! Jirgi ne fari fat, hawa a kan hawa, duk ginin da na sani a Sakkwato sai ya shige cikinsa ya ɓace. Ba na kaya ba ne, ba na alhazai ba. Kosi ya ce Turawa ne masu hali ke shiga, su ci, su sha, su kwanta a rana, a yi ta zagayawa da su gari-gari. In sun sauka a Kwatano a kai su su kalli ƙauyen nan da aka gina a kan ruwa, su ɗauki hoto su koma.

Na ce, "To ina za su?"

"Babu. Inda suka taso za su koma."

"Ba fatauci, ba ziyara?"

"Babu."

Na ce lallai in abinci ya yi wa mutum yawa, hauka kala-kala ce. Kosi ya yi dariya, sannan ya ce mini a cikin cikin jirgin nan akwai ɗakin wanki da ya fi masallacin Zango faɗi, kuma duk shekara in sun zo sukan nemi masu guga. Ya ce hannuna ya isa. Daga wannan rana ban ƙara barci mai daɗi ba. Ina da uwa a Jega da ƙanne a gabanta, ubana Isa ya rasu tun ban gama riƙe kamannin fuskarsa ba, ga kuma cika bakin da na yi na taho. Jirgin nan shi ne amsar duka.

Kosi ya ce, "Amma ka ji, Haruna. Bature ba ruwansa da fuskarka. Papiye yake ɗauka aiki, kai rakiya kake yi. Fasfo kana da shi. Saura katin allurar shawara, da takardar delege mai nuna a unguwar nan kake zaune, da ta likita, da ta ma'aikacin jirgi. Ɗaya ta ɓace, ko tsani ba za ka taka ba. Kana da shekara guda, ka fara tun yanzu."

Na fara, kuma da ƙafar hagu na fara. Ni fa duniyar nan ba abin da nake tsoro irin allura, in faɗi gaskiya. Ina cikin wannan zulumi sai ga Sanda, wani ɗan ƙwalisa mai baƙin tabarau da ke yawo a tashar mota, rabin maganarsa Faransanci.

Ya ce, "Haba ɗan'uwa, wa ke yarda a soke shi a zamanin nan? Ni na san mai kashe."

Na zabura. "Kashe wa?"

"Kai, baƙauye! Kashe, hatimi. A buga maka a kati, shi ke nan an yi maka allura."

Agogon hannuna ya karɓa, wanda kawuna ya bar mini. Ya kawo kati ruwan ɗorawa da hatimi shuɗi raɗau, na kai wa Kosi ina taƙama. Kosi ya lashi yatsa ya goga, hatimi ya biyo yatsa. Ya ɗaga katin ya ce rubutun ma a juye yake, da ƙasan silifa aka sassaƙa shi, kuma da na nuna wannan a bakin jirgi da sai dai a kawo mini abinci kurkuku. Na zaga tasha kamar mahaukaci ina neman Sanda, aka ce ya yi Lome. Da na gaya wa Baba, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

"Ka gudu daga allura ka rasa agogo, ga kuma allurar nan tana jiranka. Gobe ni zan kai ka, in riƙe maka hannu kamar ɗan yaye."

Kuma ya kai ni ɗin. Aka duba fasfona aka rubuta kati na gaskiya, aka soke ni, ban mutu ba. Amma sai abin ya haɗu da zazzaɓin damina, na kwanta kwanciyar da ban taɓa yin irinta ba. Baba ya sa aka ɗauke ni daga ɗakin baƙi aka mai da ni nasa. Inna Hajo ta yi ta dafa ganyen darbejiya tana lulluɓe ni da bargo in yi sirace, tana ɗura mini kunu tana faɗa, wai in na mutu a hannunta me za ta ce wa uwata. An ce a cikin zafin ciwo na yi ta kiran Jega, ina kiran sunayen ƙannena. Abin da na tuna shi ne duk lokacin da na buɗe ido, Baba na zaune da mafici a hannu, ya bar rumfar goronsa a hannun maƙwabta. 'Ya'yansa mata ne, duk sun yi aure a nesa, Allah bai ba shi namiji ba. Da na fara tashi zaune ya ce, "Ɗana, ka ba mu tsoro." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da na warware muka je neman takardar delege. Delege shi ne shugaban unguwa na zamanin juyin juya hali, ba ka da wani motsi sai da sa hannunsa. Lokacin ana tsoron 'yan leƙen asiri ƙwarai, baƙo in ba shi da wanda ya tsaya masa ya shiga uku. Ranar ba mu sami delegen ba, sakatarensa muka tarar, wanda ya san Baba tun yana ƙarami. Ya nuna ni da biro ya ce, "Baba, wannan fa? Me yake a wurinka?"

Baba ya ce, "Ɗana ne."

Me kuma zai ce? Duk wani dattijon Bahaushe da ya ci tuwo kwano ɗaya da kai abin da zai faɗa ke nan. Ni ma ban ji komai ba sai daɗi. Sakatare ya tambayi sunana, na ce Haruna, ya yi rubutunsa, ya buga hatimi. Fasfo na nan a ƙarƙashin rigata, ba wanda ya ce in fito da shi. Ni kuma karatun allo na yi, bokon nawa bai wuce gane lambar mota ba, balle Faransanci.

Daga nan abu ya yi ta tafiya kamar an shafa mai. Na kai takardar delege wurin likita, ya kwafi suna daga ciki, ya ƙwanƙwasa mini ƙirji ya ce lafiyata ƙalau. Na kai ta likita da ta delege ofishin tashar jirgi, su ma suka kwafa. An sha layi, an sha "dawo gobe", na yi hoto har sau biyu don na farkon na rufe ido. Amma a ƙarshe takarduna suka cika, na naɗe su a leda na sa a ƙarƙashin matashi. Har wasiƙa na sa aka rubuta wa uwata cewa ta fara shirin cin shinkafa.

Rani ya zagayo, farin jirgi ya dawo. Kosi ya kai ni ofishinsu a Ganhi, inda wani Bature daga jirgin ke zaune yana duba masu neman aiki. Na sa rigar da ta fi kowace, na sha sitaci har ina ƙara in na motsa. Bature ya baje takarduna a tebur. Ya sa yatsa a fasfo, ya sa a ta delege, ya koma fasfo. Ya yi wa Kosi magana. Na ga fuskar Kosi ta canza.

"Haruna, kai mutum nawa ne?"

"Kamar yaya?"

"Fasfo da katin allura sun ce Haruna Isa. Sauran duk sun ce Haruna Garba, ɗan Garba mai goro. Wane ne ubanka?"

Na ce Isa ne ya haife ni, Baba Garba kuwa ai Baba ne. Na shiga bayani, na kawo zancen ciwo, na kawo zancen tuwo. Kosi ya dafe kai. Bature ya tattara takardun ya turo mini, ya kira na bayana. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi, ga sitaci na ta ƙara a jikina ina fita kowa na kallo.

A waje Kosi ya ce saura dama ɗaya. Jirgin zai gangara Duwala ya juyo, zai sake tsayawa a Kwatano kafin ya wuce. In na gyara ta delege, shi zai bi mini sauran da ƙafarsa. Na ruga wurin delege. Wannan karon na same shi, wani siririn malamin makaranta mutumin Abome, da ƙurar alli a hannun riga. Ya saurara, sakatare na fassara. Ya ce takardar hukuma ba a goge ta da yawu. Wanda ya faɗi magana shi zai zo ya janye ta, a gaban kwamitin unguwa, ranar taro. Tsoho zai tsaya ya ce wannan ba ɗansa ba ne, babu abin da ya haɗa su, ya dangwala yatsa.

Nan fa ake yin ta. Gaba kura, baya siyaki. Da wane baki zan je in ce wa mutumin da ya yi mini fifita ina kwance, "Baba, zo ka tsaya gaban jama'a ka ce ba ka san ni ba"? A wurinmu ko ɗan maƙwabci ba ka cewa ba ɗanka ba ne, sai in ya yi abin kunyar da ya fi ƙarfin haƙuri. Mutanen Zango in sun ji, ba za su ce takarda ba ce, cewa za su yi me yaron nan ya yi wa Garba. Na dawo gida na ce an ɗaga zancen aiki. Na yi ta guga ina ƙona hannu, har na ƙona wa wani akawu kwalar riga, abin da ban taɓa yi ba. Inna Hajo ta ce, "Kai, wannan tuwon da kake juyawa ba laifin da ya yi maka." Wani lokaci in ce a raina jirgi ya tafi abinsa, wani lokaci in tuna wasiƙar da na aika Jega. Ina son jirgin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son shi kamar raina.

Ashe sakatare ya tare Baba a masallaci ya gaya masa komai. Ranar taro da safe ina hura gawayi, sai Baba ya miƙo mini farar babbar rigarsa ta Idi.

"Goge mini wannan."

"Baba, ɗaurin aure za a je?"

"Goge dai. Kai ma ka sa ta kirki. Ɗan banza, da sai ka bar jirgin ya wuce kana kallona?"

A wani ajin makaranta ake taron. Ga koriyar tuta mai jan tauraro a bango, ga 'yan kwamiti a gaba, ga mutanen unguwa cike da benci, cikinsu har da dattawan da muke fasa goro tare. Aka buɗe da kirarin juyin juya hali, kowa ya ɗaga hannu ya amsa. Aka yi zancen share kwata, aka yi zancen masu sayar da kaya a kan hanya. Sannan aka kira Kamarad Garba.

Baba ya miƙe, ya gyara riga. Delege ya tambaya, sakatare ya fassara: "Wannan saurayi ɗanka ne?"

Baba ya ce, "Ka gaya wa kamarad, a wurinmu ɗa na kowa ne."

Aka yi 'yar dariya. Delege bai yi ba. Ya sake tambaya.

"Ka gaya masa ba ni na haife shi ba, wannan gaskiya ne. Ubansa Isa, mutumin Jega, Allah ya jiƙansa. Amma yaron nan a ɗakina ya yi jinya, a kwanona..."

Delege ya ɗaga hannu. Ya cire tabarau ya murza ido, ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba. Sakatare ya ce, "Ya ce ya gane, Baba. Ya ce su ma a Abome haka suke, shi kansa ƙanin ubansa ne ya rene shi kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai uba. Amma takarda gurbi biyu gare ta, i ko a'a. In ka ce i, yaro ya zauna. In ka ce a'a, ya tafi."

Baba ya juyo ya dube ni. Ni kuwa, Allah ya sani, ƙasa nake kallo, na kasa cewa ya bari, na kasa cewa ya faɗa.

"Ba ɗana ba ne."

"Akwai wata dangantaka tsakaninku?"

"Babu."

Aka miƙo tawada, ya dangwala. Na ga Malam Idi mahauci ya sunkuyar da kai, wani tsoho a baya ya ce, "Subhanallahi." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya goge yatsansa a cikin hularsa don kada ya ɓata rigar, ya fita, na bi shi a baya. A hanya ya tsaya ya taya kifi, ya yi ciniki sosai kamar ba abin da ya faru, ya miƙo mini in riƙe.

Kosi ya cika alkawari, ya bi ofis-ofis da mobilet ɗinsa har takardu suka koma suna ɗaya. Amma gida ya canza. Baba mutum ne da in ya faɗi magana a gaban jama'a yake tsayawa a kanta. Daga ranar nan "Malam Haruna" yake kirana. Malam Haruna an tashi lafiya, Malam Haruna ga abinci. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Inna Hajo kuwa ta daina tsokanata gaba ɗaya. Ta ƙulla mini gari da yaji da ƙuli-ƙuli, ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce, "Can ba su iya abinci ba," ta juya kafin in yi godiya.

Ranar tafiya da safe Baba ya ce zai raka ni. Ya karɓi ƙullin kayana ya riƙe da kansa, na yi na yi ya hana ni. Dutsen gugana na bar masa a rumfa, don Kosi ya ce na jirgi da lantarki suke aiki. Muka bi yashin Zango muna gaisawa da mutane, mai shayi ya ce in kawo masa Baturiya, Malam Idi ya tura mini kilishi a aljihu. Daga nesa ana hango saman jirgin ya tsere wa rufin gidaje.

A ƙofar tashar jirgi soja ne tsaye da bindiga. Dokar ita ce iyalin ma'aikaci na iya shiga har bakin ruwa su yi sallama, wanda ba dangi ba ya tsaya a waje. Ga matan wasu da 'ya'yansu suna ta wucewa. Soja ya karɓi takarduna yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna Baba da haɓa ya tambayi wane ne.

Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma wannan kalma na san ta. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya riga ni.

"Mon per." Ubana.

Soja ya ɗaga gira, ya koma kan takarda yana bin suna da yatsa. Kafin ya kai ƙarshen layi Baba ya shiga tsakani yana dariya, yana kaɗa hannu.

"A'a, a'a, kamarad! Maƙwabci ne ni, vwazan. Yaron nan bai iya Faransanci ba, duk mai furfura per yake ce masa. Kaya kawai na ɗauko masa."

Soja ya dube shi, ya dube ni, ya yi tsaki ya miƙo mini takarduna, ya nuna wa Baba gefe da bakin bindiga. Baba ya ɗora mini ƙullin a kafaɗa. Dariyar nan ta ɓace. Ya kama hannuna ya matse, ya matso kusa da kunnena.

"Sau biyu ke nan ina ƙarya a gaban hukuma saboda kai. Ni tsoho ne, na kusa kabari. Kada ka sa ni ta uku. Wuce."

Na wuce. Sai da na kai tsakiyar tsanin jirgin sannan maganar ta sauka a kaina. Ta gaban kwamiti ɗaya, ta bakin ƙofa biyu. Wadda ya faɗa wa sakatare ranar farko bai sa ta a lissafi ba. Na juya da sauri ina neman farar hula a bayan shinge, sai motocin kaya da masu dako, ban gan shi ba. Ban kuma ƙara ganinsa ba, don kafin ƙafata ta sake taka yashin Zango an daɗe da yi masa sutura.

Turawa na sama suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa ga ni ƙato a kan tsani ina kuka da majina, na tare wa na bayana hanya. Baturen nan mai duba takardu ya miƙo hannu, na ba shi. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ce wa Kosi, da ke tsaye kusa da shi, ya gaya mini yanzu komai ya yi daidai.